Tarihin abin da muke rubutawa a Emacs da Vim: me za a ajiye, me za a zubar?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe da Emacs, manhajar gyara rubutu. Duk abin da na rubuta a ɗan layin nan na ƙasa, wato minibuffer, in na danna M-p (Alt tare da p) yana dawowa, ko sunan fayil ne ko umarni. Amma da zarar na rufe Emacs na sake buɗewa, babu ko ɗaya. Akwai wani dogon regexp, wato tsarin alamomin neman rubutu, da nake gyara fayilolin aiki da shi, kullum sai na sake haɗa shi daga farko. Na biyu kuma, kafin M-p ya kai ni ga abin da nake nema sai na yi ta wuce abu guda yana maimaituwa. Yaya kuke yi da naku?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Nura. Fara da ganin abin da idonka, sauran zai zo da sauƙi. Danna C-h v (C na nufin Ctrl) ka rubuta file-name-history. Za ka ga jeri ne kawai na Lisp, yaren da ake saita Emacs da shi, sabo a gaba, tsoho a baya. Kuma ba shi kaɗai ba ne: M-x yana da nasa, extended-command-history, M-! yana da shell-command-history. Musanya kalma da kalma tana da query-replace-history. Duk tambayar da ba a ware mata jerinta ba, amsarta tana faɗawa cikin minibuffer-history. Dukansu a ƙwaƙwalwar kwamfuta suke zaune, shi ya sa suke tafiya tare da Emacs in ka rufe shi.

Maganin yana cikin Emacs tun fitowa ta 22, ba sai ka sauko da komai ba. Sa wannan a fayil ɗin saitinka:

(savehist-mode 1)
(setq history-delete-duplicates t)

Layin farko zai riƙa rubuta jerin nan a ~/.emacs.d/history duk bayan daƙiƙa 300, da kuma lokacin fita. Na biyu shi ne maganin maimaicin: duk lokacin da ka shigar da abin da yake cikin jerin, za a cire tsohon a dawo da shi gaba.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: binciken C-s da C-M-s ba a cikin waɗannan yake ba. Nasa yana search-ring da regexp-search-ring, kowanne guda 16 kacal yake riƙewa, kuma savehist ba ya taɓa su sai ka sa sunayensu a savehist-additional-variables.

Nura:
Na gode Malam. Da C-M-% nake amfani da shi, ke nan yana cikin query-replace-history?

Malam Habibu:
Yana ciki. Sai dai ina da magana a kan wannan regexp ɗin naka, bari sauran su fara tofa albarkacin bakinsu.

Bashir:
Na yarda da savehist, ban yarda da share maimaici ba. Kuma Malam bai ambaci history-length ba, wanda yake zuwa a 100. Ɗari me za ta yi wa mai aiki kullum? Ni na mayar da shi t, ba a yanke komai. Rubutu ne fa zalla, shekara guda ta umarni ba za ta kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Shi kuwa maimaici, shi ke nuna mini yadda aiki ya gudana: na haɗa manhaja, na gwada, na gyara, na sake haɗawa. In ka share, ka rusa jerin yadda abubuwa suka biyo juna.

Rukayya:
Bari in shigo daga ɓangaren Vim, ɗaya manhajar gyara rubutun, don mu an riga an yanke mana wannan hukuncin. In ka rubuta umarnin da ya yi daidai da wani tsoho, Vim da kansa yake cire tsohon. Tarihi biyar gare mu: na umarnin da ke farawa da :, na bincike, na lissafin da ake rubutawa bayan =, na amsoshin input(), da na yanayin farautar kuskure. Yawan abin da ake ajiyewa yana ƙarƙashin saitin history. A Vim na yanzu yana zuwa a 200, iyakarsa 10000, kuma Neovim, wanda aka tsago daga Vim, a 10000 ɗin yake farawa.

Amma Yaya Bashir, ni a ganina ba tsawon jeri ne abin dubawa ba, yadda ake shiga cikinsa ne. A Vim in na rubuta :s sannan na danna kibiyar sama, umarnin da suka fara da s kaɗai za su fito. In kuma na danna q: sai tarihin gaba ɗaya ya buɗe a taga kamar kowane fayil. In yi bincike a ciki, in gyara layi da maɓallan da na saba, in danna Enter ya gudana. q/ kuma na bincike ne. Da yawa sun san q: ne a matsayin abin da ke buɗewa in hannu ya zame wajen rubuta :q, su rufe shi da sauri, alhali yana cikin abubuwa mafi amfani a Vim.

Malam Habibu:
Gaskiyarki Rukayya. Wanda yake danna M-p sau talatin, ƙara masa tsawon jeri ƙara masa wahala ne. A Emacs, kana cikin minibuffer ka danna C-r ka fara rubuta wani yanki na abin da kake tunawa, binciken zai bi tarihin baya-baya. M-r ma yana yi, da regexp. Irin na kibiyar Vim ɗin shi ne previous-complete-history-element, sai ka ɗaura shi a maɓallin da ya yi maka. Kuma Nura, gwada M-n tun kafin ka rubuta komai. Maimakon ya koma baya, Emacs zai kawo maka abin da yake zaton za ka so, kamar sunan fayil ɗin da kake ciki ko kalmar da ke ƙarƙashin alamar rubutu.

Bashir, kan batun jerin yadda aiki ya gudana, nan ne muka rabu. Wannan jerin ba ya ɗauke da lokaci, ba ya ɗauke da sunan kundin da kake ciki, ba ya cewa umarnin ya yi nasara ko ya faɗi. In ka ga umarnin make sau shida a cikin jerin, me ka koya? Ba ka san a wane aiki ba, ba ka san wace rana ba. In kana son sanin abin da ka yi, Git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, yana nan, fayil ɗin rubuta bayanan aiki yana nan. An yi tarihin minibuffer ne don ka sake shigar da abu ba tare da sake rubuta shi ba, kuma maimaici ba ya taimaka wa wannan da komai.

Bashir:
Yana taimakawa, Malam, da girmamawa. Abin da ya maimaitu sau hamsin ya fi wanda ya zo sau ɗaya muhimmanci. In ka share maimaici, su biyun sun zama ɗaya a idon manhaja.

Aminu:
A nan Bashir yana da hujja. Yawan maimaituwa bayani ne, kuma masu jera zaɓuɓɓuka suna cin moriyar tarihi sosai. Vertico, alal misali, yana ɗora abin da ka zaɓa kwanan nan a saman jeri, kuma daga waɗannan jerin tarihin yake karantawa. Shi ya sa wanda ya sa Vertico bai kunna savehist ba yake ganin kamar kullum manhajar ta manta da shi. Sai dai ba dole ne ƙirgar ta zauna cikin jerin M-p ba. Kunshin prescient yana riƙe nasa lissafin na yawan amfani da kusancin lokaci, a fayil ɗinsa daban, in ka kunna prescient-persist-mode. Ka ga ana iya samun duka biyun: M-p mai tsafta, da jeri mai sanin abin da ka fi so.

Game da tsawo kuma, ba sai an yi wa kowa kuɗin goro ba. Kowane jeri yana iya samun nasa:

(put 'file-name-history 'history-length 1000)
(put 'shell-command-history 'history-length 50)

Sunayen fayil su yi tsawo, ba laifi. Umarnin shel, wato waɗanda ake bayarwa ta M-!, su gajarta.

Malama Zainab:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya taɓo abin da ya fi damuna, sai Aminu ya zo kusa da shi. Me ya sa umarnin shel za su gajarta? Saboda a can sirri yake taruwa.

Ku buɗe ~/.emacs.d/history yanzu ku duba. Rubutu ne a fili, ba a kulle shi da komai ba. Duk wanda ya taɓa danna M-! ya rubuta curl da mabuɗin shiga wata saba (server) a cikin layin, ko mysql da kalmar sirri manne da -p, to tana nan a kwance. Gaskiya ne savehist yana ba fayil ɗin izini 600, mai shi kaɗai ke karantawa. Amma mutane nawa ne suke sa ~/.emacs.d gaba ɗaya a Git su tura GitHub don a ga saitinsu? Izinin 600 ba ya bin fayil zuwa can. Haka kwafin ajiya da ake turawa wani wuri kowane dare.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne shawarar da ake yawan bai wa sababbi, wai su ƙara kill-ring, wato jerin abin da aka yanka ko aka kwafa, cikin savehist-additional-variables. Ku tuna yadda yake aiki. Ka kwafo kalmar sirri daga wata manhaja, ka liƙa ta a Emacs da C-y, to ta shiga kill-ring. Tun Emacs 29 kuwa guda 120 yake riƙewa, da can 60 ne. Manhajar ajiyar kalmomin sirri za ta goge allon kwafi bayan ɗan lokaci, amma ba ta da iko a kan kill-ring, kuma kafin minti biyar savehist ya rubuta ta a faifai. Ina roƙonku kada ku ajiye kill-ring.

Su ma 'yan Vim ba su tsira ba. Fayil ɗin viminfo, inda Vim ke adana tarihinsa, ba tarihin umarni kaɗai yake ajiyewa ba, har da abin da ke cikin rajistoci, wato ma'ajiyar abin da aka yanka ko aka kwafa, layi 50 daga kowacce a saitin asali. Abin da ka yanka daga fayil ɗin sirri jiya yana ~/.viminfo yau.

Bashir, wannan ce amsata ga t ɗinka. Jeri mai iyaka yana zubar da tsoffin kurakurai da kansa. Jeri marar iyaka yana riƙe kowane ɗaya har abada.

Bashir:
Wannan ta shige ni, Malama. Zan gajarta na shel yau. Amma a Bash ina da HISTCONTROL=ignorespace, in na fara layi da sarari ba ya shiga tarihi. Babu irinsa a minibuffer?

Malama Zainab:
Ba ya zuwa da shi. Abin da ke akwai shi ne savehist-ignored-variables. Sa shell-command-history a ciki, sai ya yi maka aiki muddin Emacs yana buɗe amma ba zai sauka a faifai ba. Tambayar kalmar sirri ta gaskiya, wadda ke bi ta read-passwd, ita ba ta shiga tarihi tun asali, haka inputsecret() a Vim. Matsalar tana zuwa ne in sirrin ya shigo ta ƙofar da ba tasa ba. Mafi alheri kada ya hau layin umarni sam, a bar shi a ~/.authinfo.gpg ko makamancinsa, manhaja ta karanto da kanta.

In kuwa ya riga ya shiga, ku kula da yadda ake cirewa. Goge fayil ɗin history alhali Emacs yana buɗe aikin banza ne, jerin yana ƙwaƙwalwa, zai sake rubuta shi. Sai ka fara wanke jerin, misali (setq shell-command-history nil), sannan M-x savehist-save. In kuma fayil ɗin ya taɓa fita daga kwamfutarka, sharewa ba ta isa ba, canza mabuɗin kawai.

Rukayya:
A Vim ma akwai irin wannan tarkon, ta wata fuskar. Za ka cire layin da :call histdel(':', 'mysql'), ka fita, ka dawo ka same shi. Dalili, lokacin fita Vim yana karanta tsohon viminfo ya haɗa da na yanzu kafin ya rubuta. Sai ka bi shi da :wviminfo! mai alamar motsin rai, wadda ke cewa a rubuta abin da ke ƙwaƙwalwa kaɗai ba tare da duba tsohon ba. A Neovim :wshada! ne. In kuma tun farko ka san fayil ɗin da za ka buɗe na sirri ne, vim -i NONE ba ya karanta viminfo, ba ya rubuta shi.

Nura:
Allah ya saka da alheri, na sa history a .gitignore don kada Git ya kwashe shi. Ga wata kuma: na kunna savehist, na buɗe Emacs biyu, ɗaya don rubutu ɗaya don lambobin manhaja. Da na rufe su, abin da na yi a ɗayan bai dawo ba.

Malam Habibu:
Haka yake yi a Emacs 29 da nake kai. Kowanne yana karanta fayil ɗin lokacin tashi, daga nan kuma sai dai ya rubuta nasa a kai. Wanda ya rufe a ƙarshe shi ke da fayil. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce kada a yi Emacs biyu. Tayar da guda da emacs --daemon, ka riƙa buɗe tagogi da emacsclient -c, ko emacsclient -t a taminal. Tagogi goma, ƙwaƙwalwa ɗaya, tarihi ɗaya. In lallai sai biyu, ba kowanne nasa savehist-file, kuma ka saita shi kafin layin da ke kunna savehist-mode.

Rukayya:
Nan kam mun riga ku, Malam. Tun Vim 8.0 a 2016 viminfo yake ajiye lokacin kowane layi, don haka in Vim biyu suka rufe ana haɗa tarihinsu, sabo ya zauna a gaba. Neovim ya sauya tsarin gaba ɗaya zuwa ShaDa, wanda ke cikin sigar MessagePack, shi ma yana haɗawa. In ina son abin da na rubuta a wannan taga ya bayyana a waccan ba tare da rufewa ba, :wshada a nan, :rshada a can. Illarsa, ba rubutu ne zalla da za ka duba da cat ba, don haka binciken da Malama Zainab ta ce a yi ya fi sauƙi daga ciki, da :history all.

Aminu:
Tunda akwai masu rubuta nasu umarnin a nan, ga roƙona gare su. Rabin dattin da ke cikin minibuffer-history daga marubuta yake, waɗanda suka kira read-string ko completing-read ba su ba shi jerin tarihi ba. Sai mai amfani ya danna M-p yana neman sunan reshen Git, a kawo masa amsar wata tambaya daban. Layi biyu ne gyaran:

(defvar tarihin-reshe nil)
(read-string "Reshe: " nil 'tarihin-reshe)

Ba sai ka gaya wa savehist ba, da an yi amfani da jerin sau ɗaya zai gane shi ya fara ajiyewa. In kuma amsar ba ta cancanci a tuna da ita ba, ana iya sa t a wurin sunan jerin, ba za a rubuta komai ba. A Vim, umarnin da ya fito gaba ɗaya daga maɓallin da ka ɗaura ba ya shiga tarihin :, amma :s da ke cikin rubutaccen aiki yana iya ɓata maka binciken ƙarshe. Sa :keeppatterns a gabansa.

Ƙari kan maganar Malama: fayil ɗin savehist lambobin Lisp ne da Emacs ke gudanarwa duk lokacin tashi. In ya kumbura, tashi yana nauyi, kuma kill-ring ne ya fi kumbura shi, domin rubutun da aka yanka yana tafe da bayanan launi da siffa waɗanda sukan ninka shi girma. Sannan duk wanda ya iya rubutu a fayil ɗin ya iya sa Emacs ɗinka ya gudanar da abin da ya ga dama. Kada a ajiye shi a kundin da ake tarayya da wasu.

Malam Habibu:
To Nura, ga maganar da na ce zan yi. Duk abin da muka faɗa zai sa regexp ɗinka ya daɗe, amma ba wurin zamansa ke nan ba. Tarihi aljihun riga ne, na abin da hannu zai koma kansa yau ko gobe. Abin da kake buƙata kowane mako, wanda ka sha wahala kafin ya yi daidai, ka ba shi suna.

Kuma Emacs ya sauƙaƙa wannan. Gudanar da musanyar sau ɗaya, sannan ka danna C-x ESC ESC. Zai nuna maka umarnin da ka yi yanzu a sigar Lisp, da regexp ɗin a ciki, har ya ninka maka alamomin \ yadda Lisp ke so, wanda nan ne mutane suka fi tuntuɓe in suna kwafa da hannu. Kwafe shi, ka sa shi cikin defun mai (interactive) a saitinka, ka rubuta layi ɗaya na bayanin abin da yake yi. In kana son ya tafi ba tambaya, bayanin Emacs kansa yana ba da shawarar re-search-forward da replace-match a cikin madauki. Daga ranar M-x da sunan ya isa, yana cikin Git, kuma in ka koma wata kwamfutar yana biye da kai.

Bashir:
Ban ƙi ba ga wanda ake yi kowane mako. Amma akwai na tsakiya, Malam, kuma su ne suka fi yawa. Umarnin da na yi sau biyu watanni huɗu da suka wuce, yau kuma ya taso. Ranar da na rubuta shi ban san zan sake nemansa ba, to yaya zan ba shi suna? Irin waɗannan ne C-r ke tono mini. In jerin 100 ne, sun daɗe da faɗuwa.

Malam Habibu:
Wannan hujja ce mai kyau, na karɓe ta. To ka tsawaita na M-x da na musanya da na fayil yadda kake so, tunda da wuya sirri ya shiga can. Kuma lura, share maimaici yana taimakonka a nan: jeri mai 1000 da babu maimaici ya fi komawa baya nesa a kan mai 1000 da rabinsa abu guda ne.

Bashir:
In akwai iyaka, haka ne. Ni da babu iyaka a nawa, bai shafe ni ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da har yanzu nake nema shi ne tarihi na kowane aiki daban. In ina cikin wannan kundin, M-x compile ya kawo mini umarnin wannan aikin, ba na wancan ba.

Aminu:
Na compile yana da sauƙi. Sa compile-command a fayil ɗin .dir-locals.el na aikin, shi zai fara bayyana a layin duk lokacin da kake cikin fayilolin wurin. Jerin compile-history dai zai ci gaba da zama ɗaya ga kowa.

Rukayya:
A Neovim kana iya ba kowane aiki nasa fayil gaba ɗaya. Tayar da shi da nvim -i da sunan fayil ɗin, ko ka saita shadafile bisa kundin da kake ciki. Umarni, bincike, rajistoci, alamomi, duk su rabu.

Malama Zainab:
In za ka yi haka Bashir, kada fayil ɗin ya zauna cikin kundin aikin, don git add . zai kwashe shi tare da sauran. Ajiye su a ƙarƙashin ~/.local/state/nvim/shada, kowanne da sunan aikinsa.